Ɗan hakin da ka raina: gyaran makullin man tsohon babur

A wannan makon za mu ɗan leƙa zaure ne, inda a gidaje da dama za ka tarar da tsohon babur a jingine, ƙura ta rufe shi, tayoyinsa sun sace. In ka tambayi mai shi dalilin ajiye shi, sau da yawa amsar ɗaya ce: yana zubar da mai, ko kuma yana tafiya sai ya mutu a hanya. To, a lokuta da yawa injin nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kwantar da babur ɗin wani ɗan ƙarfe ne da bai kai girman akwatin ashana biyu ba, wato makullin mai, wanda ke ƙarƙashin tanki. A cikin makullin ma, galibi wata 'yar roba ce da ba ta wuce faɗin kwabo ba ta mutu.

Irin baburan da nake nufi su ne waɗanda iyaye da kakanni suka hau a zamaninsu: Honda Benly, Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, Super Cub da ya fito tun 1958, Vespa, da ƙananan Suzuki da Yamaha masu hayaƙi. Da yawansu sun shigo gidajen ma'aikata ne bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970. Ke nan robar da ke cikin makullin wasunsu ta girmi malaman da ke koyar da ku. Ba abin mamaki ba ne in ta gaji.

Yadda makullin ke aiki

Tsofaffin babura ba su da famfon da ke tura mai zuwa inji. Tanki na sama, kafireta na ƙasa, nauyin man ne kawai ke gangaro da shi ta cikin tiyo. Makullin yana tsakanin su biyun, kuma aikinsa irin na kan famfon ruwa ne: ya buɗe hanya ko ya rufe. A jikinsa za ka ga rubutu uku, ON da OFF da RES. Na Vespa kuwa harufan Italiyanci ne, A na buɗewa, C na rufewa, R na ajiya.

Mutane da yawa na zaton RES wani ƙaramin tanki ne na daban a ɓoye. Tanki ɗaya ne. Dabarar ita ce, makullin yana da ƙofofin shiga biyu a cikin tankin. Ɗaya dogon bututu ne na tagulla da ya miƙe sama, ɗayar kuma gajeriya ce daf da gindin tanki. In ka murɗa hannun zuwa ON, mai na shiga ta bakin dogon bututun. Da zarar man ya sauka ƙasa da bakin nan, sai babur ya fara shaƙewa, alhali akwai sauran kamar lita ɗaya ko biyu a ƙasa. Sai ka murɗa zuwa RES, gajeriyar ƙofa ta buɗe, ka samu abin da zai kai ka gidan mai. Da wannan 'yar dabara aka maye gurbin agogon mai.

In ka buɗe cikinsa, kayan ba su da yawa. Akwai gangar jikin makullin, wadda akasari da narkakken ƙarfe mai tutiya ko alminiyum aka zuba ta. Akwai roba zagayayya mai huji uku ko huɗu da ke zaune a kan ƙofofin. Akwai hannun da ake murɗawa, wanda bayansa ke da ɗan kwari mai lanƙwasa, shi ne ke haɗa huji biyu ya zame wa mai gada. Akwai washa mai lanƙwasa da ke aikin sifirin, tana danne hannun a jikin robar. Sai ɗan faranti da ke riƙe su duka. A ƙasa kuma, a makullai da yawa, akwai ɗan kofi da ƙaramar rariya inda datti da ruwa ke kwantawa, da zoben roba da ke hana kofin yoyo.

Lissafin da kuka sani daga aji

'Yan ajin kimiyya sun san cewa matsin ruwa ana samunsa ne in an ninka tsayi da nauyin ruwan da kuma jan ƙasa. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan giram 740, wato kilo 740 a kowace mita mai kusurwa uku. Mu ce saman man da ke tanki ya ɗara kafireta da santimita 30. Ninka 0.3 da 740 da 10, za ka samu faskal 2,220. Matsin iskar da ke kewaye da mu kuwa ya kai kusan faskal 101,000 a gaɓar teku. Ke nan ƙarfin da ke tura mai a babur kusan kashi biyu ne kawai cikin ɗari na matsin iska.

Wannan ɗan lissafi ya bayyana abubuwa biyu. Na farko, tsatsa kaɗan a kan rariya ta isa ta tsayar da babur, tunda man ba shi da ƙarfin ture ta. Na biyu, murfin tanki yana da ɗan huji da iska ke shiga ta cike gurbin man da ya fita. In hujin ya toshe, matsin cikin tanki zai ragu, kuma raguwar kashi biyu kacal ta isa ta hana mai gangarowa. Saboda haka kafin ka zargi makulli, in babur ya mutu a hanya, buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta ja, mai kuma ya ci gaba da zuwa, to murfin ne ke da laifi, tsinke kawai yake buƙata.

Ga wani lissafin kuma, na aljihu. A ce makulli na ɗiga sau ɗaya a duk daƙiƙa biyar. A yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400, ke nan ɗigo 17,280. Mu ɗauka ɗigo talatin ne ke cika mililita ɗaya. A rana an yi asarar mililita 576, fiye da rabin lita. A wata guda ya haura lita 17. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin lita ya koma. Ku tambayi farashin gidan man unguwarku ku ninka da 17, sannan ku kwatanta da kuɗin jarabawa ko na littattafan zango guda.

Wuta ta fi asarar kuɗi

Fetur ba ya jiran zafi kafin ya yi tururin da zai kama wuta, domin ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da shi. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yi yana malala kamar ruwa. In ya kai tsakanin kusan kashi ɗaya da rabi zuwa bakwai da rabi cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Yanzu ku tuna inda ake kwanar da babur a gidajenmu: zaure ko soro, ƙofa a rufe, wani lokacin kusa da janareta, ko murhun gawayi, ko maganin sauro na kunnawa, ga almajirai ko samari na kwance a gefe. Sannan makullin yana saman inji ne kai tsaye, ɗigonsa kan zafaffen ƙarfe da wayar fulogi yake sauka.

Don haka ga sharuɗɗa kafin kowa ya taɓa sifana. A nemi izinin mai babur, kuma a yi aikin a gaban babba. A fitar da babur fili, nesa da madafa da duk wata wuta. A bari inji ya huce sarai. In yana da batir a cire wayarsa. A ajiye bokitin yashi a kusa, domin ba a kashe wutar fetur da ruwa, man kan taso saman ruwan ya bazu da wutarsa. Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo, ko kaɗan ne ya faɗa huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti. Kada kuma a tara shi a buɗaɗɗen kwano, a zuba a galan mai murfi. Gyara kawai muke koyo, hawa titi sai wanda ya cika shekara 18 ya mallaki lasisi.

Gano inda cutar take

Bakanike nagari ba ya fara kwance abu sai ya san inda matsalar take. Goge makullin da tsumma ya bushe tas, sannan ka daka ɗan allin aji ka barbaɗa a jikinsa. Jira minti kaɗan. Wurin da allin ya fara yin duhu, nan ne yoyon yake. In daga saman makulli ne, inda ya haɗu da tanki, robar wurin ko washar ce ta mutu. In daga bayan hannu ne, robar ciki ce ko sifirin ya saki. In daga kofin ƙasa ne, zobensa ne. In kuwa daga bakin tiyo ne, watakila tiyon ne ya bushe ya tsage, makullin ba ruwansa.

Akwai kuma yoyon da ido ba ya gani. Murɗa zuwa OFF, zare tiyo daga jikin kafireta, ka sa bakinsa a kwalba. Bayan ragowar da ke cikin tiyon ta tsiyaye, bai kamata ko ɗigo ɗaya ya sake fitowa ba. In yana fitowa, makullin ba ya rufewa. Wannan ya fi na waje ɓarna, domin in allurar da ke tare mai a cikin kafireta ita ma ta gaji, fetur zai kwana yana malala, ko dai ya zube ƙasa ko ya gangara cikin inji ya tsinka baƙin mai. Baƙin man da fetur ya tsinka ba ya kare ƙarafa daga cin juna. Alamarsa ita ce ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya ƙaru da kansa, yana kuma warin fetur. In an ga haka, dole a juye shi kafin a tada babur.

Daga nan gwada ON da RES ɗaya bayan ɗaya. Mai ya kamata ya zubo a miƙe, ba yankewa. In ON na zuba amma RES ta ƙi, gajeriyar ƙofa ta toshe, kuma hakan ya zama ruwan dare, tunda tsatsa da ruwa a gindin tanki suke taruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, kilo guda ne a lita, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa. In kuwa babur kan shanye mansa tas a ON, ka juya RES ka tarar ba komai, to dogon bututun ne ya tsage daga gindi ko ya fita.

Kwancewa da gyara

Juye man tanki duka a galan, sannan ka cire makullin. Shimfiɗa farin tsumma ka riƙa jera kayan bi da bi yadda ka ciro su. In akwai waya a gidan, ɗauki hoto a kowane mataki, domin robar nan mai huji tana da yadda take zama, in ka juya ta ON na iya zama OFF.

Hattara da ƙananan kusoshin faranti. Tsofaffin baburan Japan na amfani da wani irin kan kusa mai kama da sita da ake kira JIS, wasunsu ma za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Sukudireba sita da aka saba da ita ba ta zama daidai a cikinsu, tana zamewa ta cinye kan. Zaɓi wadda ta cika ramin, ka danna da ƙarfi, ka murɗa a hankali. In ta ƙi, ɗiga mata ɗan kananzir ka ba ta lokaci. A wasu makullan kuma ba kusa aka sa ba, dasa farantin aka yi da ƙusar da aka dake kanta. Irin wannan sai an huda da na'ura an yanka sabon zare, aikin bakanike ne, a kai masa.

Wanke gangar da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Bi ƙofofin da tsinken tsintsiya ko zaren roba mai kauri, kada ka sa ƙusa ko waya mai ƙarfi, domin ƙarfen mai laushi ne, kana ƙarzarsa ka buɗe wa mai sabuwar hanya. Ɗaga rariyar a rana ka duba. In ta yage a sake ta, kada a yar da ita a ce ai mai zai fi gudu, duk dattin da take tarewa kafireta zai tafi.

Sai ka duba bayan hannun, fuskar da ke gogar roba. In ta yi zane ko ƙananan ramuka, ko ka sa sabuwar roba yoyo zai dawo. Maganinta shi ne ka ɗora samfefa mai laushi sosai, mai lamba 600 zuwa 1000, a kan gilashin taga, ka ɗiga ɗan mai, ka riƙa goga fuskar kana zana lamba takwas, har ta yi sumul ko'ina. Gilashi ake sawa don shi ne abu mafi miƙewa da za ka samu a gida. Washar sifirin kuma in ta baje, ɗan ƙara mata lanƙwasa da yatsa, ko a sake wata.

Wace roba?

A nan ne gyaran mutane da yawa ke lalacewa. Sai ka ga an yanko tsohon tub na taya ko silifas an huda an cusa. Kwana biyu abin ya yi kamar ya zauna, daga baya robar ta kumbura ta yi laushi, ta toshe hujin ko ta marmashe ta bi mai. Dalilin yana cikin darasin kemistiri: abu yakan narke ko ya jiƙa a cikin mai kama da shi. Fetur haɗin kabon da haidirojin ne, robar tub ma haka, don haka tana shan sa kamar soso. Robar da ake kira naitirayil tana da wani ɓangare mai naitirojin a ƙirarta wanda ba ya jituwa da fetur, shi ya sa ita ake sawa a hanyar mai. Akwai kuma wadda ake sayarwa da sunan Viton, ta fi ta juriya, ta kuma fi ta tsada.

Ɗauki tsohuwar robar ka tafi da ita wurin masu kayan babur, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko layin bakanikan garinku, a gwada faɗi da kauri da yawan huji. In kana shakkar wadda aka ba ka, jefa ta a kwalbar fetur mai murfi ta kwana biyu, sannan ka auna ta da 'yar'uwarta. In ta kumbura ko ta yi yauƙi, ba ta aikin ba ce. Haka ma gam ɗin silikon da ake liƙe gilashi da shi, fetur na jiƙa shi ya saki. Sabulun da direbobi ke shafawa a wurin yoyo kuwa yana ɗan riƙewa ne saboda fetur ba ya narkar da shi da sauri, amma iyakarsa ya kai ka gida.

In aka yi dace baburin gidanku na Ingila ne, irin su BSA ko Triumph na da, kana iya tarar da makulli na ja da turawa wanda babu roba a cikinsa, sai toton ɓawon itace irin na toshe kwalba. Shi wannan bushewa yake yi ya tsuke in babur ya daɗe a ajiye. Jiƙa shi a ruwan zafi kan sa ya kumbura ya sake kamawa na ɗan lokaci, amma sabo ya fi. Wasu Suzuki da Yamaha kuma makullinsu ba shi da OFF, sai ON da RES da PRI. Waɗannan zuƙar inji ce ke buɗe su ta hanyar wata siririyar fatar roba, in ta yage sai inji ya riƙa zuƙar ɗanyen mai ta ƙaramin tiyon iska, yana baƙin hayaƙi. Fatar ake sakewa.

Mayarwa, da sanin inda za a tsaya

Shafa wa sabuwar robar ɗigon baƙin mai don hannu ya riƙa juyawa ba tare da ya yage ta ba. Mayar da kaya yadda hoto ya nuna. Ɗaure kusoshin biyu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, don farantin ya zauna daidai. Kada ka matse kamar kana ɗaure notin taya. Mun riga mun ga matsin man ɗan kaɗan ne, robar ce ke tare shi, ƙarfin hannunka zare kawai zai cinye. Zuba lita ɗaya ka maimaita gwajin kwalba da na alli. Ka bar babur a fili ya kwana a OFF da farar takarda a ƙarƙashinsa, da safe ka duba ka shinshina.

Akwai abin da ba ya gyaruwa. In gangar makullin ce ta tsage, ko zarenta ya cinye, a sayi wani. Ƙarfen mai tutiya yana narkewa a ƙasa da digiri 400, wutar walda kuwa ta ninka haka sau da yawa, narkewa zai yi kafin ya haɗe. Tanki kuma, ko an juye man da ke ciki, cike yake da tururi, kada wanda ya kusance shi da wuta. In tsatsa ta cinye cikinsa, sai an wanke shi tukuna, in ba haka ba sabuwar rariyar ma cikin mako za ta toshe. Ko da an sayi sabon makulli, a adana tsohon, domin samun na asali irin na waɗannan babura sai an sha yawo.

Wanda bai da tsohon babur a gida ma yana da abin yi a wannan makon. Ku roƙi bakaniken unguwa ya ba ku mataccen makulli daga tarkacensa, ku wanke, ku kwance, ku zana kowane ɓangare a littafi, ku nuna da kibiya hanyar da mai ke bi a ON da kuma a RES. 'Yan mata, har da ku, sukudireba ba ta san hannun namiji ko na mace ba. Ku kai wa malamin fiziks ko na fasaha zanen, ku tambaye shi me zai faru da lissafinmu na faskal 2,220 in tanki ya koma rabi. Wanda kuma ya ji warin fetur a zauren gidansu yau da dare, ya gaya wa babba, a murɗa makulli zuwa OFF, a fitar da babur waje kafin a kwanta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.